Ranar da Manaja Ya Rataye Obin

Ni tela ne, shagona yana ƙasan wani bene mai hawa ɗaya. Kusa da ni akwai shagon mai aski, bayanmu kuma ɗakin wata tsohuwar nas da ta yi ritaya, wadda duk layin ke kira Inna. A sama akwai Manaja da matarsa da 'ya'yansu mata 'yan biyu.

Manaja bai taɓa zama manaja ba sai na kwana uku. Shekarun baya yana aiki a wani kantin sayar da fenti, manajan gaske ya kwanta zazzaɓi, aka ba shi makullai ya riƙe. Rana ta huɗu aka karɓe makullan, sunan ne dai ba a iya karɓewa ba. Tun daga nan babu maganar da za a ɗauko a layinmu bai ce, "Lokacin da nake riƙe da kamfani," ba. Ko maganar yadda ake kama ɓera ce.

Matarsa, Maman 'yan biyu, ba ta da yawan magana, amma tana da hannu. Ranar da yaran suka gama jarrabawa ta gasa kek, ta yanka, ta aiko wa kowa. Mai aski ya ci nasa har da lashe takardar da aka naɗo shi, ya ce, "Wannan ai da a kanti yake da layi za a yi."

Ya faɗa ne don yabo. Bai san Manaja yana tsaye a bayansa ba.

Washegari da safe Manaja ya shigo shagona da zane a bayan takardar kalanda. Ya ce in ɗinka masa farar riga mai maɓalli layi biyu, da doguwar hula irin ta manyan masu dafa abinci.

Na ce, "Manaja, kai ne za ka yi gashin?"

"Ni ne zan riƙe kamfanin. Gashi ai aikin hannu ne, kowa ma ya iya. Kai ne ake nema." Ya nuna goshinsa. "Bana a layin nan, baɗi rassa uku, shekara mai zuwa mota mai hoton kek a jiki. Hular ka ƙara mata tsawo."

"Ta kai kamu ɗaya fa."

"Ƙara rabi. Daga nesa ake gane shugaba."

Kafin mako ya zagayo ya sa an rubuto allo, an kafa a jikin barandarsu: Babban Kamfanin Kek na Manaja da Iyalansa. Inna ta fito da tsintsiyarta, ta ɗaga kai ta karanta a hankali.

Ta ce, "Ɗan nan, ka je ofishin duba-gari?"

"In yi me a can, Inna?"

"Ka nemi lasisi. Abin da za ka ba baƙo ya sa a cikinsa ba a sayar da shi haka kawai. Sai sun zo sun ga kicin ɗin, sun ga ruwan da ake aiki da shi, an gwada lafiyar mai gashin."

Manaja ya yi murmushin tausayi. "Inna, ke allura kika sani, doka kuma ki bar mana. Doka a bakin ƙofa take tsayawa. Abin da ke cikin gidan mutum nasa ne."

"To kek ɗin a cikin gidan zai tsaya?"

"A'a, fita zai yi."

"To a bakin ƙofar za su haɗu da dokar ke nan."

Mai aski ya tuntsire da dariya har ya kusa zaftare wa wani gefen gashin baki. Manaja ya ce lokacin da yake riƙe da kamfani ya yi mu'amala da jami'ai iri-iri, kuma babu wanda bai miƙe tsaye ba idan ya shiga ofis.

Inna ta ce, "Wataƙila lokacin tashinsu ne ya yi."

Da farko abin ya tafi daidai, domin Maman 'yan biyu ce ke gashi, kuma mu maƙwabta ne kawai ke saye. Manaja aikinsa tsayawa a baranda da hula. Sai ya ga kasuwar ba ta gudu yadda yake so, ya je ya bugo sitika, yana mannawa a kan kowace leda ba tare da matarsa ta sani ba. A jikin sitikar an rubuta: Babu suga, babu mai, ya dace da masu ciwon suga da hawan jini.

Ranar da asirin ya tonu, mai gidan da muke haya ne ya zo duba wani famfo. Dattijo ne mai ciwon suga, shekara shida rabonsa da zaƙi. Ya karanta sitikar, idonsa ya kawo ruwa, ya sayi guda biyu, ya zauna a bencin shagona ya ɓare ɗaya. Ya kai rabin hanya zuwa baki ke nan Inna ta riƙe masa wuyan hannu.

"Ajiye, Alhaji."

"An ce babu suga."

"Ni na ara musu kofin da suke auna sugan."

Ta ƙwala wa Manaja kira ya sauko. Ta nuna masa sitikar.

Ya ce, "Ai ba ƙarya na yi ba. Duba ciki ki nuna mini sugan. Ya narke, babu shi."

"Man fa?"

"Bota ce. Bota daban, mai daban."

"Da bawan Allahn nan ya cinye biyun nan ya faɗi, kai za ka ɗauke shi ko hularka?"

Hayaniyar ce ta sauko da Maman 'yan biyu. Ta karɓi ledar, ta karanta, ta dubi dattijon, ta ba shi haƙuri har da rusunawa. Sannan ta hau sama, ta kwaso sauran sitikun, ta yayyaga su ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa.

Ta ce, "Baban 'yan biyu, hannuna ne a cikin kek ɗin nan, ba zan ci amanar cikin mutane ba. Daga yau na rufe obin, na daina gashi. Ba zan ƙara sayar da ko yanka ɗaya ba sai da takarda."

"Takardar me? Ni ne takardar."

Daga baya muka ji cewa washegari ta je ofishin duba-gari da ƙafarta, ta cike fom, ta je asibiti aka gwada ta, aka kuma sa mata ranar Alhamis za a zo duba kicin. Ta ce sau biyu tana faɗa wa Manaja. Na farko yana yi mata bayanin launin motar kamfani, na biyu kuma yana lissafa garuruwan da za a buɗe rassa. Duk biyun ya ce mata, "To, to," ya ci gaba.

Shi kuwa a nasa ɓangaren, ya haɗu da wata shugabar makarantar yara a shagon mai aski, ta kawo jikanta aski. Ya cika ta da labarin kamfani har ta ba shi aikin ƙananan kek arba'in da babba guda ɗaya, na bikin ba da kyaututtuka. Ranar Alhamis da azahar za ta zo ɗauka.

Na ce, "Manaja, mai gashin fa ta ce ta rufe obin."

"Shekara goma sha biyar ina kallonta tana yi. Fulawa, ƙwai, a juya, a sa a wuta. Abin da mace ke yi tana hira a waya shi ne zai gagare ni?"

Alhamis da safe Maman 'yan biyu ta goge kicin ɗinta tas, ta wanke har bango, ta jera komai a wurinsa. Ta raka yara makaranta, daga can ta wuce kasuwa sayen kwandon shara mai murfi da hular rufe gashi, domin an ce mata za a nema. Ko kwanar layin ba ta sha ba Manaja ya sa farar riga, ya kafa hula, ya shiga kicin.

Ni na hau in auna wurin aljihun da ya ce in ƙara wa rigar, don haka da idona na gani. Ya zuba fulawa a bahon wanki, wai kwanonta ya yi wa kamfani ƙanƙanta. Ƙwai goma sha biyu ake sawa, ya sa huɗu.

"Nan ake cin riba," ya ce. "Mata ba su san tattali ba. Ka rage ƙwai, ka ninka hodar da ke sa shi tashi. Iska ai kyauta ce."

Ya juye gwangwanin hodar gaba ɗaya. Ya ɗago kai zai yi mini ƙarin bayani, hular ta zunguri kanta, kwalbar garin barkono ta faɗo cikin bahon, murfinta ya fita.

Muka tsaya muna kallo.

Na ce, "Sai a zubar."

"A zubar da me? Ai sabon ɗanɗano ne. Manyan kamfanoni da gangan suke yi." Ya yi atishawa sau uku a kan bahon, ya sa hannu ya tsamo kwalbar, ya ci gaba da juyawa.

Na sauko. Ban daɗe da zama kan keken ɗinki ba hayaƙi ya fara fitowa ta tagar sama. Ƙullun ya kumbura ya tsallake gwangwanayen, ya malala a ƙasan obin, ya kama da ƙauri. Inna ta leƙo ta tambaya ko taya ake ƙonawa. Manaja ya leƙo ta baranda, girarsa fari fat da fulawa, ya ce ƙamshin kamfani ne, da sannu za mu saba.

Wajen ƙarfe ɗaya ya gama. Ƙananan sun fito kamar duwatsun murhu. Babban kuwa gefe ɗaya ya tashi, gefe ɗaya ya zauna. Ya kankare baƙin da wuƙa, ya shafe komai da farin suga na kwalliya mai kauri, kamar mai yi wa tsohon bango fenti.

"Ido ke fara ci," ya ce.

A daidai lokacin mai aski ya hau da gudu yana haki. Ya ce ga wata mata can a bakin layi, da kakin duba-gari da fayil a hannu, tana tambayar gidan da ake gasa kek.

Mutumin da jami'ai ke miƙe wa tsaye ya nemi kujera ya zauna.

"Wa ya kai ƙarata? Inna ce."

Na ce, "Ka sauka ka yi mata bayanin doka mana. Ka ce a bakin ƙofa take tsayawa."

"Tela, ba lokacin wasa ba ne. Ɗauki farantan nan."

Ban san yadda aka yi na biye masa ba. Ƙananan kek arba'in suka koma shagona, muka rufe su da yadin wani ango. Babban aka kai shagon mai aski, aka ɗora a kujerar aski, aka lulluɓe da mayafin da ake yafa wa mai aski a wuya. Allon kamfani ya ciro shi, ya kifa a kan rumfar shagona. Bahon ya tura ƙarƙashin gado.

Saura obin. Ɗan ƙarami ne na lantarki, amma da zafinsa. Matar duba-garin kuwa ta kusa, ba damar bi da shi ta matakala. Manaja ya kwance igiyar shanya ta roba, ya naɗe obin ɗin da ita, ya ɗaure bakin a ƙarfen baranda, ya zura shi waje wai mai aski ya tare shi daga ƙasa. Igiyar ta ƙare a rabin hanya. Obin ya tsaya yana lilo tsakanin sama da ƙasa, yana fitar da ɗan hayaƙi.

"Bar shi nan," ya ce. "Ba wanda ke tafiya yana kallon sama."

Duk layin kuwa sama ake kallo.

Malamar duba-gari mace ce mai matsakaicin shekaru, da tabarau, ba ta da gaggawa. Ta yi sallama, ta hau matakala. Na bi bayanta da tef ɗin awo a wuya, wai na zo gwajin riga.

Ta ce, "Malam, nan ne gidan da ake gasa kek?"

"Kek?" Manaja ya juyo gare ni. "Tela, mene ne kek?"

Na duƙar da kai ina duba tef.

Ta ce, "Wannan rigar fa?"

"Ta shan iska ce, ranki ya daɗe."

"Hular?"

Ya manta tana kansa. Ya cire ta da sauri. "Ta rana ce. Likita ya ce kada rana ta taɓa mini tsakar kai."

"A cikin ɗaki?"

"Rigakafi ya fi magani."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Akwai fari a girarka."

"Furfura ce. Gadonmu ne, ta gira muke farawa."

Ta nemi ganin kicin. Kicin ɗin da aka goge da safe yanzu ya koma kamar an yi dambe a kamfanin fulawa. Ɓawon ƙwai a ƙasa, ƙullu a bango, har a silin akwai. Ta tsaya ta shaƙi iska, ta yi tari.

"Wannan ƙaurin fa?"

"Na maƙwabta ne. Akwai wata tsohuwa a ƙasa, ba ta iya girki ba."

Daga ƙasa muryar Inna ta taso, "Ina jin ka."

Malamar ta buɗe fayil. "Ina obin?"

"Ba mu da shi. Ba mu taɓa yi ba. Ni ko a hoto ban cika son ganinsa ba."

"Ka tabbata? A gidan nan babu mai gasa kek, babu mai niyyar sayarwa?"

"Ko kusa. Duk wanda ya ce miki akwai, maƙiyi ne. Rubuta haka, in sa hannu."

Ta rubuta. Ya karɓi biro ya sa hannu, da irin doguwar sa hannun nan tasa mai wutsiya, yana waigowa yana kashe mini ido.

Ta rufe fayil ɗin. "To shi ke nan. Wata baiwar Allah ce ta zo ofishinmu ta nemi lasisi da adireshin nan. Takardunta duka sun cika, na asibiti ma ya fito lafiya. Kicin kawai ya rage in gani in sa mata hannu. Tunda maigida ya shaida babu obin, babu mai gashi, sai a soke."

Manaja ya zuba wa rufaffen fayil ɗin ido.

Sai ga Maman 'yan biyu a bakin ƙofa, sabon kwandon shara a hannu ɗaya, ledar huluna a ɗaya. Ta gaida malamar da fara'a, ta ba da haƙurin makara. Sannan ta leƙa kicin. Ta daɗe tana kallo. Ta ajiye kwandon a hankali.

"Baban 'yan biyu, ina obin ɗina?"

"Wane... ai yana nan kusa."

Malamar ta ce, "In wanda ke rataye a waje ne, tun daga bakin layi na hango shi. Na ɗauka wanke shi aka yi aka shanya."

Muka sauko gaba ɗaya, domin ƙasa ma ta ɗauki hayaniya. Shugabar makaranta ta iso da motar haya, tana tambayar ina Babban Kamfani. Angon da na rufe kek da yadinsa shi ma ya zo ganin ɗinki, ya ɗaga yadin, ya tarar farin suga ya manne masa tun daga sama har ƙasa. Yana cikin tambayata ko sabon ado ne, sai muka ji wani irin sauti daga shagon mai aski, kamar an taka laka. Direban motar hayar ne, wani ƙaton mutum, ya ga kujera babu kowa ya ce bari a rage masa gemu kafin a gama lodi. Ya miƙe a hankali, babban kek ɗin makaranta yana manne da bayan wandonsa.

Shugabar makaranta ta ce, "Wannan ne nawa?"

Manaja ya gyara murya. "Hajiya, gwajin ƙarfi muke yi. Kowane kek sai an..."

Bai ƙarasa ba. Zafin obin ya gama cin igiyar roba. Obin ya sauko, ya daki allon kamfani da ke kife a kan rumfata, allon ya rabe biyu, rumfar ta lotsa, komai ya zube a gaban shagona. Allah ya taƙaita babu kowa a ƙasa. Ƙofar obin ta buɗe, wani ɗan kek da aka manta a ciki ya gangaro, baƙi ƙirin, ya tsaya a gaban takalmin malamar duba-gari.

Ta sa biro ta ƙwanƙwasa shi. Ya yi ƙara kamar ƙofa.

"Yara za a ba wannan?"

Shugabar makaranta ta ɓalli ɗaya daga na shagona, ta kai bakin harshe, nan take ta fara neman ruwa. Da ta samu numfashi ta ce yara arba'in ne, ƙaraminsu shekararsa huɗu. A nan ne na ga Manaja ya yi shiru na gaske, karo na farko tun da na san shi. Ya dubi matarsa, ya dubi ƙasa.

Maman 'yan biyu ta ce wa malamar, "Ranki ya daɗe, laifin gidana ne, ba zan ce ba nawa ba ne. In an soke, an soke."

Malamar ta cire tabarau ta goge. Ta ce a tattara kek ɗin duka a zuba a sabon kwandon nan, a gabanta, kuma mai hular ne zai kwashe da hannunsa. Ya kwashe, har da wanda aka kankaro daga wandon direba, layin gaba ɗaya yana kallo. Ta ce wanda ya sayar da abinci babu lasisi, ya kuma yi wa jami'i ƙarya a rubuce, kotu ce ke raba su. Amma ita ta ga matar da ta zo da ƙafarta ta nemi a duba ta, kuma irinsu ba su da yawa. Ta ba ta mako biyu.

Mako biyun nan Manaja ya yi su da soso a hannu. Ya wanke silin, ya kai obin wurin mai gyara, ya gyara mini rumfa, ya wanke yadin ango sau uku. Makaranta kuwa biskit aka raba wa yara, shugabar ta ce za ta jira mai hannun gaske.

Da malamar ta dawo, ta duba ko'ina, ta buɗe kowace kwalba, ta sa hannu. A ƙasan lasisin akwai wurin sharuɗɗa. Ta rubuta cewa a riƙa bayyana duk abin da aka sa a cikin kek a jikin leda, gaskiya tsagwaronta. Sannan ta ƙara layi ɗaya da hannunta: Maigida ba zai shiga kicin ba muddin ana aiki.

Maman 'yan biyu ta sa takardar a gilashi ta rataye a bakin ƙofar kicin. Mun ɗauka Manaja zai yi kwana biyu bai fito ba. Da la'asar sai ga shi a bencin shagona, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Mai aski ya ce, "Manaja, an ce an hana ka shiga kicin."

"Haka ƙa'idar take a manyan kamfanoni. Shugaba ba ya shiga wurin leburori." Ya gyara zama, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ku dai ku faɗa mini, duk tsawon layin nan, ban da ni, wa hukuma ta taɓa ambata a cikin lasisi?"